Tanon da Maigidana Ya Yi wa Jinka

Shekarun baya, lokacin da Nasara ke tattara kayansu ƙasa ta samu 'yanci, wata mota ta sauke tano a bayan garinmu, kusa da Cadakori. Manyan gangunan ƙarfe ne, cike da dattin wani kamfanin jimar fata. Aka ba maigidana gadinsu, aka ce za a dawo a kwashe. Da bakina na ce a jera su gefen gamanata, 'yar gonar da ya yanka mini ina shuka gyaɗa. Wai ni matar ma'aikaci, ina so masu wucewa su gani.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai tsoron ajiya. Abin da ya sani shi ne hatsi, sai ya yi musu hidimar rumbu. Ya yaɓe gindinsu da laka, ya kewaye da zana, ya ɗora jinka don kada rana ta taɓa kayan mutane.

Ashe gatan ne ya kashe su. Damina ta sauka, laka ta riƙe laima, iska ba ta shiga. Wata rana na ɗaga zana na ga ƙarfen ya yi ja, yana ɓarewa kamar ƙanzo.

Na ce, "Malam, tsatsa fa ta ci tanon nan. A matsar da su daga gyaɗata."

Ya ce, "Ke, ajiyar mutane ce. Inda aka aje, nan mai ita zai iske ta."

Ya ƙara musu laka.

Damina ta gaba gindinsu ya huje. Wani baƙin ruwa mai wari ya malala cikin kunyoyina, gyaɗar ta ƙone tsaye. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba, don da ita nake sayen gishiri da zane. Masu tanon kuwa ko ƙeyarsu ba mu sake gani ba.

Yau ba na jin haushin kowa. Na dai gane ƙarfe ma yana son shan iska. Filin yana nan fayau, ko ƙaya ba ta fitowa, jikokina can suke buga ƙwallo.

Da ciwon ajali ya kwantar da maigidana, ya kira ni kusa. Na zaci gonar zai ambata. Sai ya ce, "In sun zo, ki shaida masu ban buɗe ko ɗaya ba."