Tsarabar Abijan da ta kusa toshe mini numfashi

Salamu alaikum, 'yan uwa. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Tallar glukozamin, ƙwayar ciwon gwiwa da nake gani kuna turawa, ita ta sa na buɗe baki.

Lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta garin Takanamat. Albashi sai an ga dama, maganin farmasi kuma ya fi ƙarfinmu. Ga gwiwata ta kumbura, har salla a zaune nake yi.

Sai wana, Yaya Illa, ya dawo daga cin rani a Abijan da kwalbar ƙwayar nan. Ya ce, "Ƙanena, wanga ba magani ba ne, abincin gwiwa ne. Ko yaro na iya sha."

Na fara sha. Cikina ya ɗaure, ƙaiƙayi ya biyo. Na ce zafin gari ne. Borin jini ya fito mini a wuya, na ce gyaɗa ce.

Wata safiya ina cikin aji, na ji leɓena ya yi nauyi, numfashi yana fita da fito. Aka saka ni motar kasuwa zuwa Tawa, matata Rakiya tana riƙe da kaina. A hanya na yi ta kalmar shahada. Ban zaci zan kai ba.

A asibiti babu komai sai gado. Allura, ruwan da za a ƙara mini, har auduga, duk sai da Yaya Illa ya sayar da tunkiyarsa aka saya. Har yau wannan na ci mini rai.

Amma likitan mutum ne. Shi ma ba a biya shi ba, bai kuwa bar bakin gadona ba har numfashi ya dawo.

Ya tambaye ni wane magani nake sha. Na ce babu. Rakiya ta zaro kwalbar daga cikin zane ta ce, "To wagga fa, Malam?"

Likitan ya karanta jikin kwalbar, ya dube ni. "Ka taɓa cin jatanlande ko ƙaguwa?"

Na ce, "Likita, a Takanamat? Ruwan rijiya ma da ƙyar."

Ya ce daga ɓawonsu ake yin ta. Yawanci ba ta yi wa mutane haka, amma jikina ba ya shiri da su. Ina ɗan ƙasar Adar irina zai san haka, shi da bai taɓa ganin teku ba?

Na warke. Gwiwar kuwa, rage nauyi da motsa ta a hankali suka lallaɓa.

Yau ina Kwatanu, bakin tekun, ni ne mai aika tsaraba. Kullum sai an ce in aiko da ƙwayar nan. Ban ce guba ce ba, wasu sun ce ta yi musu amfani. Amma a tambayi likita tukuna, musamman mai ciwon suga, mai asma, da mai shan maganin tsinka jini. In leɓe ko fuska ta kumbura, a nufi asibiti nan take, da kwalbar a hannu.

Na gode wa Allah, da Rakiya, da likitan nan.

Yaya Illa ya rasu yana neman gafarata. Na sha gaya masa babu laifi, bai yarda ba. Mai karanta wannan, ka sa shi a addu'a. Ƙafata ya so ya gyara.