Hoton ƙirjin Inna

"Madam, hoton ƙirjin Innarki yana Faransa," in ji majo, mai kula da takardun asibiti, ko kai bai ɗaga ba.

A Tawa ta Nijar ne, a shekarun 1990. Inna tana tarin jini, likita yana neman tsohon hotonta ya gwada da sabo kafin ya sauya magani. Ashe wani mai bincike daga Faransa ya kwashe hotunan marasa lafiya, wai zai koya wa kwamfuta gane ciwon huhu. Ku da kuke ta yabon mai binciken a taron nan tun jiya, ko kun san wannan?

Na ce, "Majo, hoto ya samu biza. Mai ƙirjin fa, an tambaye ta?"

"Ci gaba ne, Madam."

Ya ja ƙofarsa ya rufe. Na koma wurin Inna ba hoto.