Gamban da Baba Ya Dasa

A lokacin ni manomi ne a Durba, na ɗan haura arba'in, kuma kowa ya san ni da saurin fushi. Wata damina ƙanena yana huɗa da garmar shanu, sai ya tumɓuke gamban da marigayi Babanmu ya dasa a iyakar gonakinmu. Na ci masa mutunci a gaban matarsa, na ce ba ni ba shi. Shekara biyu muna gaba, har na daina bin wannan gefen gonar.

Abin ya hana ni sukuni. Ko salla na tayar, sai in tsinci kaina ina faɗa da shi a zuci. Na kai kukana wurin wani tsohon malami a Kibiya, ya ce bayan sallar Asuba in zauna shiru a kan buzu, in riƙa bin shigar numfashina da fitarsa. Ni da gaggawata sai na mai da zaman kokawa: tunani ya zo in kore shi, ya dawo da ƙarfinsa. Bayan mako guda na koma na ce abin bai karɓe ni ba. Malam ya yi dariya, ya ce ai bai aike ni kora ba. In bar tunanin ya wuce kamar awakin da ke gifta ƙofar zaure, in dai lura da wanda ya fi dawowa.

Da na lura, ashe ba taku biyu na ƙasar da nake ganin ƙanena ya ci mini ne ke dawowa ba. Hannun Baba ne yana danna saiwar gamban, mu biyu muna tsugune a gefensa. Kewarsa nake yi, na huce a kan ɗan'uwana. Ranar na yi kuka sosai.

Kafin in je neman gafara, na biya ta iyakar, sai na tarar da gamba ya fi ni tsayi. Matar ƙanena ta shaida mini cewa tun a makon da abin ya faru ya sake dasawa, har ya matsa cikin tasa gonar, yana jiran in gani.

Mun shirya, alhamdulillahi, amma shekarun nan biyu suna ci mini rai. 'Yan'uwa, idan fushi ya taso, ku zauna ku dubi abin da ke ƙarƙashinsa kafin ku buɗe baki. Ni gyaran yana tsaye a bakin gonata, ban juya na kalla ba.