Ranar da Na Riƙe Rigar Ilu

Ba na jin zan manta da Asabar ɗin da Rami ya yi hatsarin ajalinsa a gabanmu. A lokacin sanyin da ya gabaci korona ne, ina aikin mashal a wani filin tseren motoci a bayan garin Dubai. Ga wanda bai san aikin ba, mashal shi ne mai tsayawa a bakin kwana da tutoci da tukunyar kashe gobara. Tuta rawaya tana nufin a rage gudu, ja kuma an tsayar da tsere. Doka ta farko da ake koya mana ita ce, komai ya faru, ba ka taka kwalta sai ɗakin da ke kula da tsere ya ba ka hanya ta rediyo.

Mu biyu ne a kwanarmu, ni da Ilu, mutumin Damagaram, wanda muke ɗaki ɗaya a unguwar Hor Al Anz. Rami kuwa ɗan Labanan ne, injiniya, don sha'awa yake tsere. Ni dai, Allah ya yafe mini, 'yan ganganci nake kiran direbobin nan, waɗanda jin daɗi ya ishe su. Amma shi Rami yakan zagayo da safe ya gaishe mu. Ranar ma ya zo, ya ce da Ilu, "Habibi, tuta ake kaɗawa, ba korar ƙuda ba." Ilu, da yake kiran duk wani maigida patron, ya ce, "Fara zuwa na ɗaya tukuna, patron, sannan ka koya mini aiki."

Bayan la'asar motar Rami ta ƙwace a shigar kwana, ta daki katanga, ta dawo tsakiyar hanya tana hayaƙi. Na ɗaga rawaya, na sanar. Rediyo ya ce, "Ku tsaya inda kuke, akwai motoci a baya." Kafin in juya Ilu ya suri tukunya, ƙafarsa ɗaya ta riga ta haye shinge. Na damƙi rigarsa.

"Sake ni, Habu! Mutum ne a ciki!"

"Ba a ba mu hanya ba!"

"Hanya? Kai wane irin musulmi ne?"

Ban sake shi ba. Motoci biyu suka ratsa ta cikin hayaƙin, ɗaya daidai inda Ilu zai dira. Sai aka ɗaga ja, aka ce mu shiga. Muka kashe wutar, likitoci suka ciro shi. A asibiti ya cika.

Shugabar mashal-mashal ta tara mu, idonta jawur, ta ce mun yi daidai, likita ya ce bugun ne ya kashe shi, ba wutar ba. Ilu bai ɗago kai ba. A motar komawa gida ya ce da ni, "A garinmu ko jaki ya faɗa rijiya ba a jiran izini." Daga ranar ya daina cin abinci a faranti ɗaya da ni. Ni kuma ban iya kare kaina ba, domin har yau ban san abin da ya riƙe rigar nan ba, doka ce ko tsoro.

Da aka yi taron makoki a filin, mahaifin Rami ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana miƙa hannu. Da ya iso kaina, gaisuwar mutuwar da nake yi tun ina yaro ta ɓace mini. Hannunsa kawai na riƙe.

Ƙarshen wata Ilu ya koma aikin kago, wato lodin kaya, a unguwar Al Khabaisi. Yana ɗaure katifarsa ya ce, "Na san ka cece ni, Habu. Amma duk lokacin da na dube ka, motar nake gani."

Ku da kuka shigo aikin mashal bana, ku sani mutanen da ke cikin motocin nan suna da iyaye, kuma wata rana ɗayansu zai tsaya a gabanku cikin hayaƙi, rediyo ya ce ku jira. Ku jira. In abokin aikinku ya haye shinge, ku riƙe shi da ƙarfi, ko da abotarku za ta ƙare a nan.