Uwar Abdulmutalib Ba Ta Zo Ba

Matar yayana, Munawwara, ba ta iya yin abu a hankali ba. Shekara goma sha huɗu ke nan da aka kawo ta gidanmu a Kafin Dafga, ban taɓa ganin ta cinye tuwo a wuri ɗaya ba. Loma biyu a bakin murhu, ɗaya a bakin rijiya, sauran a tsaye tana neman takalminta. Ni Radiya ƙanwar mijinta ce, tsokanarta halal ce gare ni, kuma ban taɓa yi mata ragi ba.

Ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin garinmu. Ita ke awon ciki, ita ke allurar rigakafi, ita ke auna dantsen yara ta yi wa iyaye faɗa. Amma rabin zuciyarta yana bayan gida, a wani ɗan lambu da faɗinsa bai wuce ɗaki uku ba. Akwai alayyahu, da yakuwa, da kuɓewa, da tattasai, ga zogale a jikin darni. Da ta idar da sallar asuba sai guga, sai shara, sai koko, sai korar yara makaranta, sai rigima da akuyar Inna, mahaifiyarmu, wadda ta san kowace kafa a darnin nan. Sau da yawa takan isa asibiti da laka a gefen farar rigarta. In na yi magana ta ce: "Mai gaya wa mata su ci ganye ai dole a ga alamar ganye a jikinta."

Bazarar bana ta yi zafi ƙwarai. Ruwan rijiya ya yi ƙasa, alayyahu kuwa in azahar ta wuce bai sha ruwa ba sai ya kwanta. Talata ce ranar allura, kuma a da Munawwara kan bi tabarma tana karɓar katin yara hannu da hannu, tana gaisawa da kowa. Hakan kan kai ta la'asar. Sai ta ƙirƙiro dabara: ta zauna a teburi, ta buɗe rajista, ta riƙa kiran suna da ƙarfi, wadda ta ji sunan ɗanta ta taso. Kafin ƙarfe ɗaya ta gama, ta ruga wajen alayyahunta. Ta yi ta yabon kanta a gida, har da cewa ya kamata a koyar da dabarar a Karaye.

Ana haka aka ji ƙyanda ta ɓulla a wata ruga ta wajen Rogo. Munawwara ta duba rajista, kowane yaro ya samu allurarsa sai ɗaya: Abdulmutalib Sunusi, ɗan wata goma. Kakarsa ce ke kawo shi a da, sai ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Talata biyu Munawwara tana kiran sunan sau uku-uku, shiru. Ta aika gidan, aka ce ai uwar kan fita da shi duk Talata. Wannan amsa ta fi ta da mata hankali. Yaro ba allura, ƙyanda na matsowa, uwa kuma ba a san inda take kai shi ba.

Ranar Asabar da la'asar wata yarinya ta yi sallama, da goyo a bayanta, ta ce yakuwa take nema. Sunanta Hajo, 'yar Rogo Sabon Gari, aure ya kawo ta nan. Munawwara ta tambaye ta matar wa ce, Hajo ta sunkuyar da kai ta ce gidansu na bayan injin niƙa. Munawwara ba ta bi ta kai ba, don a lokacin Hajo ta riga ta ɗauki guga tana jan ruwa.

Ta dawo Lahadi. Ta dawo Litinin. Ba ta magana, sai ban ruwa da cirar ciyawa, kuma duk inda Munawwara ta tsaya sai ta juya mata baya yadda goyon zai fuskance ta. Munawwara kuwa daɗi ya cika ta. Ta ce mini Allah ne ya dubi kafaɗunta.

Ranar Litinin ɗin ina wurin, Inna na kan tabarma a inuwar darni tana ɓarar gyaɗar iri. Munawwara na tsinkar zogale tana zuba mita.

"Ni dai wata mata ta ishe ni. Uwar Abdulmutalib. Sati biyu ina tsage maƙogwaro. Wace irin uwa ce wannan, ƙyanda a bakin ƙofa? Gobe in ba ta zo ba, babur zan hau har ɗakinta, sai ta gaya mini inda take kai yaron mutane."

Hajo ta ci gaba da zuba ruwa a kan tattasai ɗaya har ya yi tafki. Inna ta dube ta, ta dubi goyon, ta ajiye ƙwaryar gyaɗa.

"Ke 'yar nan, wannan na farinki ne?"

Hajo ta ɗaga kai kaɗan ta mayar.

"Sunan wa ya ci?"

Hajo ta ja hijabi ta rufe baki.

Inna ta yi dariya har da tari. Ta ce: "Munawwara, karatu dai kin yi, amma an bar ki a baya. Ga uwar Abdulmutalib nan a gabanki. Ɗan fari ne, kuma sunan surukinta ne da shi. Ki zauna kina kwaɗa sunan nan a gaban dangin mijinta, ki ce ta miƙe ta amsa? Shekara arba'in da biyar da na haifi mijinki, kin taɓa jin na kira shi da sunansa?"

Gaskiya ne. Yaya Sulle a bakin Inna "wancan" ne, ko "mai gidan nan", tun muna yara.

Zogalen ya zube daga hannun Munawwara. Ta ce: "Hajo, kin zo duka Talatar nan biyu?"

"Na zo, Anti." Muryarta da ƙyar ake ji. "Katin na hannuna. Na jira ko za ki zagayo yadda aka ce kina yi a da. Sai na ga kin rufe littafi."

Matar yayana ta dafe kai. Kunya ta kama ta sosai, har ni mai tsokana na ji tausayinta. Ta kwance goyon da kanta, ta taɓa goshinsa, ta leƙa bakinsa da bayan kunnensa. Lafiyarsa ƙalau, har ya cafko mata ɗankwali. Ta sauke ajiyar zuciya ta ce: "Alhamdu lillahi." Sai da na ga ta dawo hayyacinta na ce ashe wannan ce dabarar da za a koyar a Karaye. Ta jefe ni da kuɓewa.

Washegari na kai 'yata awo, don haka komai a idona aka yi. Munawwara ba ta zauna a teburi ba. Ta tattare riga ta bi tabarma, tana durƙusawa gaban kowace mace, tana tambayar kwanan gida da jikin tsofaffi, tana karɓar kati. La'asar ta riske ta a can, alayyahu ya sha rana ya kwanta, rabi bai tashi ba. Har yau haka take yi, ban ruwa kuma ta mayar da shi kafin fitowar rana, Yaya Sulle na ja tana zubawa, yana ƙorafi.

Da ta iso kan Hajo, ba ta ambaci sunan kowa ba. Ta miƙa hannu, kati ya fito daga ƙarƙashin hijabi. Ta ce: "Kawo baƙon nan mu gani."

Wata gwaggon mijin Hajo ce ta riƙe yaron a cinya. Hajo na gefe ta kau da kai tana kallon bango, kamar ba ta san ɗan waye ba. Allura ta shiga, Abdulmutalib ya tsala ihu, mata suka yi dariya suna cewa namiji da raki. Hajo ba ta juyo ba. Amma ni ina zaune dab da ita, na ga hannunta ta ƙarƙashin hijabi, ta riƙe ɗan yatsan ƙafarsa gam, ba ta saki ba sai da ya yi shiru.