Inna Mai Bargo Ba Ta Hau Dandamali Ba

Kafin kowa ya iso ofishin ƙungiyar agajin gaggawa, Inna Mai Bargo ta riga ta karɓi makullin sito a wurin maigadi. Ba ta fara taɓa akwatin magani. Barguna take fara fitarwa, masu ruwan toka, waɗanda gefensu ya soma zarewa. Ta kakkaɓe su, ta shinshina, wanda bai yi mata ba ta jefa shi a bokiti ta wanke da hannunta, ta shanya a igiyar bayan ofis. Sai bayan nan take ƙirga bandeji, ta goge almakashi, ta saka rigar aiki mai ƙyalli, ta zauna a benci tana murza gwiwoyinta. Ba a biyanta ko sisi. Tun kafin a haife ni take wannan zaman.

Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, sai yau. Idan na yi tuntuɓe a yi mini haƙuri, kada a ɗora mata.

Direban motar ƙungiya ne ya fahimtar da ni aikinta. Mutum ne mai tsiya, ba ya ganinta bai tsokane ta ba. Yakan ce mata, “Inna, wannan bargon naki ko kare aka ba ya ce a kai kasuwa.” Ita kuma ta ce masa ya fara gyara birkinsa tukuna, kada wata rana ya zama shi za ta lulluɓa. Amma da na tambaye shi a keɓe, dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce idan suka isa wurin hatsari, ƙa'idar aiki ita ce a fara da waɗanda ake sa ran za su tashi. Matasa sukan ruga can da akwatunansu, kuma daidai suka yi. To amma kusan kullum akwai mutum ɗaya da aka duba, aka kalli juna, aka wuce. Wurin wannan Inna take zuwa. Ta durƙusa a kan kwalta, ta rufa masa bargo daga ƙirji zuwa ƙafa don kada 'yan kallo su ga abin da bai kamata ba, ta tambaye shi sunansa. Daga nan ba ta daina kiran sunan har sai ya daina amsawa.

Abbana yana cikin waɗanda aka wuce. Ya faɗi ne a tashar mota da yamma, yana dawowa daga aiki, ciwon zuciya ya kayar da shi. Ba mu san komai ba sai da aka kira mu asibiti. Bayan an yi jana'iza, mutane sun ragu, wata dattijuwa da ba mu sani ba ta yi sallama a ƙofarmu. Ta miƙa wa Ummata tabaran Abba, ido ɗaya a fashe, an naɗe shi a cikin farin bandeji kamar wani mai rauni. Ta ce kansa a kan cinyarta yake har ƙarshe, bai yi kakari ba. Umma ta tambaya ko ya ce wani abu. Inna ta sunkuyar da kai, ta ce, “Ya ce a gaya miki kada ki jira shi da abinci.”

A ranar ne Umma ta iya yin kuka. Kafin nan ta bushe kamar itace.

Ke ce, Inna, kika hana Abbana mutuwa a tsakiyar ƙafafun mutane kamar kayan da ya faɗo daga mota. Ke ce mai zuwa inda aka bari. Ban san gida nawa kika shiga da agogo, ko takalmi ƙafa ɗaya, ko kalma ɗaya da kika riƙo a baki don kada ta zube a hanya ba. Ke ma na san ba ki ƙirga ba.

Duk shekara ƙungiya tana taron karrama 'yan agaji. Suna da wata al'ada mai kyau: wanda aka ceto shi ne yake hawa dandamali ya rataya wa mai cetonsa lambar yabo a wuya. Wannan ce ta sa Inna ba ta taɓa hawa ba. Mutanenta ba sa zuwa taro.

Bana kuma ita ce shekararta ta ƙarshe. Kowane ɗan agaji sai ya sabunta shaidarsa: ya durƙusa gaban mutum-mutumin roba, ya danna masa ƙirji yadda aka koya. Inna ta durƙusa, ta danna, amma tashi ya gagara, sai da mutum biyu suka kama ta. Aka gaya mata, cikin ladabi, cewa ranar taro za ta miƙa rigarta.

Da na ji haka na je wurin sakataren ƙungiya. A hanya na haddace abin da zan faɗa, ina shiga ya watse. Na tsaya ina murza gefen mayafina, na dai samu na ce a ba Inna lamba. Ba mugun mutum ba ne. Ya ba ni kujera, ya ce shi kansa ita ta koya masa ɗaurin karaya. Sannan ya ce, “To 'yata, wa zai rataya mata?” Na ce Ummata. Ya ce dokar ta ce wanda aka ceto, amma zai kai wa kwamiti. Kwamiti ya zauna, ya yaba da shawarar, ya ce za a duba yiwuwar ƙirƙiro wata lamba ta musamman baɗi. Babu wanda ya ce Inna ba ta cancanta ba. Baɗin ne kawai ba ta da shi.

Ranar taro ni da Umma muka zauna a layin baya. Inna tana bakin ƙofa a kujerar roba, akwati a gefenta, bargo a cinyarta, domin ita aka ba tsaron zauren ko wani zai suma. An kira sunaye. Wata yarinya da ta taɓa shaƙewa ta rataya wa wani saurayi lamba, zaure ya ɗauki tafi. Wani magini da aka zaro daga ƙarƙashin bango ya hau da sanda, ya rungume wadda ta tsayar masa da jini. Duk sun cancanta. Inna ta fi kowa tafi, kusan dukansu ta hannunta suka biyo. A jawabin rufewa shugaba ya gode wa “iyayenmu da suka daɗe ana damawa da su”, bai kama suna ba.

Da aka watse, ana tattara kujeru, Inna ta cire rigar ta ninke, ta ba mai kula da sito. Ta tambaya ko za ta iya tafiya da bargo ɗaya. Ya sosa ƙeya ya ce kayan ƙungiya ne. Ta ce gaskiya ne, ta miƙa masa. Umma ta matsa kusa da ita. Sai kawai ta durƙusa a kan siminti, ta ɗora tafukanta biyu a kan gwiwoyin Inna, ta daɗe a haka. Inna tana ta cewa, “Tashi, 'yar nan, ƙasa da sanyi.”

Yanzu tana gida. Ina zuwa in karanta mata jarida, don idon ma ya soma gajiya. Duk lokacin da jiniya ta wuce a titi sai ta ɗaga hannu in yi shiru, ta bi ƙarar da kunne har ta ɓace.

Makon jiya na tarar da direba a wurinta, ba ya tsokana. Ya ce sun je wani hatsari a mahaɗar hanya, aka duba wani mutum, aka wuce. Ya ce yana zaune a mota yana jiran ya ga Inna ta nufi wurin, sai ya tuna ba ta tare da su. Ya kashe mota, ya ɗauko bargo, ya je ya durƙusa. Bai san me zai ce ba, hannun mutumin kawai ya riƙe.

Inna ta ce, “Ka tambayi sunansa?”

Ya ce bai tambaya ba. Ta dubi taga. Can ta ce, “Na gaba ka tambaya.”

Mun gode, Inna, ni da Umma, da gidajen da ba su san junansu ba. Allah ya sassauta miki gwiwoyin nan, ya ba ki mai kiran sunanki ranar da kike bukata. Lamba dai ba mu iya samo miki ba. Ku kuma da kuke shiga aikin agaji, ku ceci duk wanda za ku iya ceta, ku hau dandamali, mu tafa muku. Amma bargunan suna nan a sito, a kan shiryayye na ƙasa. A samu wanda zai ɗauka. Kuma ya tambayi suna.