Jan Rediyon da Ya Riga Ni Shiga Kowane Gida

Jiya da dare na yi wani mafarki, Bilki, har yanzu jikina kamar ba nawa ba. Kin san jibi za a ba ni lambar yabo a jami'a kan binciken nan nawa na lafiyar al'umma, wanda na bi gida-gida a ƙauye ina duba rufin ɗaki da katifa da rediyo don a gane mai hali da marar hali. Da shi za a zaɓi gidajen da za a ba magani kyauta.

To, wai ga ni a zauren taro, an kira sunana, ana ta tafi amma ba na jin ƙararsa. Na miƙa hannu zan karɓi lambar, sai aka ɗora min rediyo. Ja ne, an ɗaure eriyarsa da shuɗin zare.

Sai kawai zauren ya koma tsakar gidan Iya Talatu, wata tsohuwa mai fama da tari da ta dama min fura lokacin aikin. Rediyon na kan turmi. Na ce, "Iya, naki ne?" Ita kuwa sai gyara min tabarma take yi. Na shiga gidan gaba, ga shi a bakin taga. Na gabansa ma haka. Da na waiga, sai na ga hannayen mata suna miƙa shi ta saman katanga, katifa na biye. Wata murya daga bayan danga ta ce, "Baƙuwa ce daga birni, a rufa wa juna asiri."

Sai kawai ga mu a layin asibiti. Ana ta kiran sunaye, ba a kira Iya Talatu ba. Mai kiran ya ce ai ita mai hali ce, tana da rediyo. Ta juyo tana tari, ta yi min murmushi ta ce, "Ba mu ji kunya ba dai ko, 'yar nan?"

Na farka, ban yi kuka ba, ban ma ji komai ba. Ni mai taƙamar ba abin da ke wuce min ido, na zauna bakin gado kamar an dasa ni. Shuɗin zaren nan na san na gan shi ido biyu. A gida ɗaya ne ko a gidaje da yawa, shi na kasa tunawa.

Ke da kika tashi a hannun kaka mai fassara mafarki, don Allah faɗa min. Mafarki na yi, ko tunawa na yi? Jibin in hau in karɓa?